Kwas ɗin Soja ko Karatun Kwaleji: Wanne Ya Fi Kusantar da Kai ga Igiyar Saje a Sojan Amurka?

'Yan'uwanmu da suka shiga rundunar sojan ƙasa ta Amurka, ko daga Kano suka taso, ko Maraɗi, ko zangon Kumasi, kusan duk a wuri ɗaya suke cijewa. Muƙaman farko lokaci ne ke kawo su: wata shida, shekara ɗaya, shekara biyu, sai ka ga kanka a mataki na huɗu, wanda suke kira E-4. Wanda ya shigo da digiri ma tun ranar farko ake ba shi wannan matakin. Daga nan ne hawan ke tsauri. Ka zauna gaban kwamitin ƙarin girma na bataliyarku, sun ce ka cancanta, amma wata ya zo ya wuce sunanka bai fito ba, saboda makinka bai kai ba. Wannan saje ya ce ka nemi kwas, wancan ya ce ka shiga kwaleji, kai kuwa abin da ya rage maka bayan an tashi aiki bai wuce awa biyu ko uku ba, ga iyali, ga masu jiran saƙo a gida. Domin mai wannan hali na rubuta wannan.

Yadda ake lissafin

Dokar da ke tafiyar da ƙarin girman ƙananan sojoji ita ce AR 600-8-19. A ƙarƙashinta, muƙamai biyu ne kaɗai ake samu da tara maki: saje, wato E-5, da sitaf saje, wato E-6. Kwamitin bataliya ba ya ba da maki, tun 2011 aka cire wannan. Abin da yake cewa kawai shi ne ka cancanta ko ba ka cancanta ba. Bayan haka, kowane wata hedikwatar kula da ma'aikata da ke Fort Knox a jihar Kentucky tana fitar da makin tsallakewa na kowane fannin aiki, wanda sojoji ke kira MOS. Fannin da ake ƙarancin saje, makin yakan faɗo har 24. Fannin da ya cika maƙil, sai a sa 798, ma'ana ƙofa a rufe take a wannan watan. Mai ƙwazo zai iya zama saje da wata 18 a aiki, amma lokacin da aka saba shi ne wata 36. Na sitaf saje kuma wata 48 ne ga mai sauri, 72 ga sauran.

Jimlar makin 800 ce, an kasa ta gida huɗu. Bisa gyaran da aka yi a 2023, mai neman saje yana iya samun 280 daga harbi da gwajin ƙarfin jiki, 145 daga lambobin yabo da bajoji, 240 daga ilimin soja, 135 daga karatun farar hula. Mai neman sitaf saje kuma 230, 165, 245 da 160 ne a jere. Ka lura, da an hau mataki ɗaya sai nauyin jiki da bindiga ya ragu, na karatu ya ƙaru.

Gidajen nan kamar tuluna huɗu ne: wanda ya cika, duk abin da ka ƙara zubawa ƙasa ce za ta sha. Shi ya sa tambayar "kwas ko kwaleji" ba ta amsuwa sai mutum ya buɗe takardar makinsa a manhajar ma'aikata ta rundunar, IPPS-A, ya ga inda giɓinsa yake. Na ga masu ta da jijiyar wuya a kan wanne ya fi, alhali ko takardar ba su taɓa buɗewa ba.

Bayanin nan na sojan da ke aiki na cikakken lokaci ne. Dakarun jihohi da ake kira National Guard suna da nasu tsarin.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko kuɗi: nawa zai fita daga aljihunka. Na biyu lokaci: awa nawa za ka kashe kafin maki ɗaya ya shigo, kuma lokacin aiki ne ko lokacin barcinka. Na uku ɗorewa: makin zai zauna, ko zai mutu bayan shekara, kuma abin zai amfane ka ranar da ka tuɓe kaki? Na huɗu, a hannun wa abin yake, kai ko kwamanda. Na biyar haɗari. Na huɗun nan, wato a hannun wa abin yake, shi mutane suka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi ɓata wa soja lissafi.

Harbi da gwajin ƙarfin jiki

Ba su cikin abin da ake gardama a kai, amma ba zan tsallake su ba, domin nan ne maki ya fi araha. A gwajin bindigar M4 ana ɗago maka abin hari 40. Ka sami 23 ka tsira da ƙyar, 30 ka shiga sahun tsakiya, 36 ka zama gwani. Ga mai neman saje, 40 cif maki 160 ne, kuma kowane hari ɗaya da ka ƙara yana jawo maki bakwai ko takwas. Wanda ya tashi daga 30 zuwa 36 ya ƙara kusan maki 45 a yini ɗaya. Riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa idan mun zo kwaleji.

Gwajin ƙarfin jiki iyakarsa maki 120. Tun 1 ga Yunin 2025 gwajin ya koma abubuwa biyar: ɗaga ƙarfe daga ƙasa, turin ƙasa da sakin hannu, gudu da ja da ɗauka, tsayuwa a kan gwiwar hannu, sai gudun mil biyu.

Ba ka biyan ko sisi. Aibinsu shi ne ba sa ɗorewa. Sakamakon harbi shekara biyu yake aiki, na jiki shekara ɗaya, kuma na ƙarshe ake ɗauka, ba wanda ya fi kyau ba. Ranar zuwa filin harbi kuma rundunarku ke sa ta, don haka ka sanar da sajenka da wuri cewa kana son a sa ka duk lokacin da wani kamfani zai fita. Haɗarin a fili yake: rauni a gwiwa ko baya, sannan wanda ya faɗi gwajin jiki ko ya wuce nauyin da aka ƙayyade ana sa masa takunkumi, ba ƙarin girma sai ya gyara, ko makinsa nawa ne. Mai azumi ya duba kalanda tun da sauran lokaci. Gudun mil biyu a rana ta ashirin ga Ramadan ba daidai yake da na Sha'aban ba, kuma neman a matsar da rana ya fi sauƙi in an yi maganar da wata guda a gaba.

Kwasa-kwasan da ake zama a aji

Nan ne zuciyar yawancin sojoji take, kuma na fahimci dalili. Kwas ne ke sa a san ka, shi ke koya maka aikin da za ka jagoranci wasu a kai. Sai dai lissafinsa ba shi da yawa kamar yadda ake zato: maki huɗu ne a kowane mako na awa 40, kuma sai kwas ɗin da ke cikin rajistar horo ta rundunar. Kwas ɗin ceton rai a fagen daga na mako guda, alal misali, maki huɗu ne. Iyakar wannan ɓangare 110 ne ga mai neman saje, 115 ga sitaf saje, kuma ƙalilan ne ke cika shi. Horon kurtu da na koyon fanninka ba sa shiga. Kwas ɗin da ke ƙarewa da bajo, kamar na saukar lema na mako uku a Fort Benning, makinsa ta gidan bajoji yake shigowa.

Akwai manya guda uku da kowanne ke ba da 40 a dunƙule: Ranger, Sapper (na injiniyoyin fagen daga) da na dakaru na musamman. Makarantar Ranger kusan wata biyu ce ta yunwa da rashin barci, kuma da yawa sai sun maimaita wani zango, wasu su dawo hannu rabbana. Wanda zai je don maki 40 kawai, ina ba shi shawara ya zauna. Ana zuwa ne don ana son aikin. Bajojin ƙwarewa kuwa, na sojan ƙafa, na ma'aikatan jinya a fili, da na sauran sojoji, tun 2023 kowanne ya koma maki 60, kuma a barikinku ake shirya gwajin. Idan aka buɗe rajista, ka shiga.

Wanda ya fi duka nauyi shi ne kwas ɗin shugabanci na farko, BLC, mai kwana 22 na karatu. A da sai ka gama shi za a ɗaura maka igiya. Daga Yunin 2024 aka ɗage wannan sharaɗi ga saje, aka mayar da shi garaɓasar maki 150 ga wanda ya riga ya gama. Haka ma kwas na gaba, ALC, ga mai neman sitaf saje. Wanda ya fito cikin sahun gaba na ajinsa yana ƙara 20, zakaran aji 40. Babu wani kwas guda a duk tsarin nan da ya kai wannan, saboda haka in aka ba ka gurbi, ko kana tsakiyar zangon kwaleji ne, ka karɓa ka sanar da malamanka.

Ta fuskar kuɗi, kyauta ne, kuma a lokacin aiki ake yi, albashinka na tafiya. Makin yana zama a fayil ɗinka. Matsalar ita ce gurbi ba a hannunka yake ba. Sajen horo ne ke da jerin suna, kwamanda ke sa hannu, kuma ana iya cire ka ana gobe tafiya saboda atisaye ya taso. A waje kuma, ba kowane kwas ne mai ɗaukar ma'aikata ya san darajarsa ba.

Kwasa-kwasan kwamfuta

Awa biyar, maki ɗaya. Iyaka 90, wato awa 450. Kyauta ne, a hannunka yake ɗungurungum, ba sai ka roƙi kowa ba. Sai ka gama kwas gaba ɗaya ake lissafa shi, kuma ba a ƙirga kwas ɗaya sau biyu.

A kan takarda ya fi kwaleji saurin kawo maki, wannan gaskiya ce. Amma ban da makin ba abin da zai bi ka. Babu jami'ar da za ta tambaye ka su, babu kamfanin da zai ƙara maka albashi dominsu. Kuma a nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutane su nemi amsoshi a intanet ko su ba wani ya danna musu. Ana bincikar fayil, kuma wanda aka ga ya gama awoyin da ba za su yiwu ba cikin kwana biyu, abin da zai rasa ya fi maki 90.

Karatun kwaleji

Kowane kiredit maki biyu ne. Darasi ɗaya galibi kiredit uku ne, maki shida ke nan. Kiredit 68 ke cika gidan mai neman saje, 80 na sitaf saje. Wanda ya kammala digiri ko diflomar shekara biyu yana cikin kaki ana ƙara masa 20, amma a cikin iyakar nan take, kuma ga mai neman sitaf saje sai in yana saje ya kammala.

Rundunar na biyan kuɗin makaranta ta shafin ArmyIgnitED: dala 250 kan kowane kiredit, har dala 4,500 a shekara, kiredit 18, bisa ƙarin da aka yi a ƙarshen 2024. Makarantu da yawa sun daidaita kuɗinsu da wannan adadi domin sojoji. Littattafai ba sa ciki, amma mai katin zama na dindindin yana iya cike takardar FAFSA ya nemi tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne.

Yanzu ga lissafin da ba a cika faɗa wa mutum ba. Kiredit 18 a shekara maki 36 ne. Ka tuna harbin nan da ya kawo 45 a yini ɗaya? Shekara guda ta karatun dare ba ta kai shi ba. Wanda ya fara daga sifili, da tallafin rundunar kaɗai, sai ya yi kusan shekara huɗu kafin ya cika 135. Idan burinka igiya cikin wata uku ne, kwaleji ba za ta kawo ta ba.

Duk da haka ita nake fifitawa a kan kwas ɗin kwamfuta ga duk wanda ke da shekara biyu ko fiye a gabansa, kuma dalilaina uku ne. Kiredit ba ya mutuwa: wanda ka tara don saje shi zai sake yi maka aiki a sitaf saje. Daga E-7, matakin da ke bin sitaf saje, zuwa sama babu maki kwata-kwata, wani kwamiti ne a hedikwata ke duba fayil ɗinka da rahoton shugabanninka, kuma karatu na cikin abin da idonsu ke kaiwa. Sannan ƙofar zama hafsa ta makarantar OCS ba ta buɗuwa sai da digiri da kuma takardar zama ɗan ƙasa. Ga kuma wata riba: duk abin da ka karanta da wannan tallafi bai taɓa haƙƙinka na GI Bill ba, wato tallafin karatu na waɗanda suka yi aikin soja, mai wata 36, wanda zai jira ka bayan ka bar aiki.

Haɗarinta biyu ne, kuma dukansu na kuɗi ne. Idan ka sami ƙasa da C a darasin digirin farko, ko ka janye ba da dalilin aiki ba, za a cire kuɗin daga albashinka. Don haka kar ka ɗauki darasi uku a zangon da ka san za ku fita daji wata guda. Ɗaya ya isa. Na biyu shi ne makarantun da ke farautar sojoji da talla, su ba ka kiredit cikin sauƙi, ranar da ka so komawa jami'ar jiha a ce ba a karɓa. Kafin ka sa hannu, ka je cibiyar ilimi ta barikinku, mai ba da shawara yana nan kyauta, ka tambaye shi ko makarantar tana da amincewar hukuma kuma ina kiredit ɗinta ke shiga.

Akwai wata gada tsakanin ɓangarorin biyu da ya kamata kowa ya sani. Horon da ka riga ka yi a soja, daga na kurtu har na fanninka, yana rubuce a wata takarda da ake kira JST, tare da adadin kiredit da majalisar ilimi ta Amurka ta ba da shawarar a ba ka. Takardar ita kaɗai ba ta kawo maki. Amma idan ka shiga kwaleji, ta duba, ta amince da wasu ta sa su a takardar sakamakonta, sun zama kiredit na farar hula, kowanne maki biyu. Sau da yawa darasi ɗaya za ka yi a makarantar kafin ta shigar maka da su.

Abin da ka zo da shi daga gida

A nan ne ɗan Afirka ta Yamma ya fi abokan aikinsa dama, kuma a nan ne ya fi yin sakaci. Abin yana ba ni takaici.

Fara da takardun makaranta. Wanda ya yi jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha a Najeriya, Nijar ko Ghana, karatunsa na iya zama maki, da sharaɗin wata hukumar tantancewa da ke cikin ƙungiyar NACES ta auna shi da ma'aunin Amurka. WES na cikin waɗanda aka fi sani. Ka nemi tantancewar darasi bayan darasi, domin ita ke nuna adadin kiredit. Kuɗin yakan kama dala ɗari biyu zuwa uku, daga aljihunka. Digirin shekara huɗu da aka amince daidai yake da na Amurka ya wuce kiredit 80 nesa ba kusa ba, wato gidan karatun farar hula ya cika gaba ɗaya, na saje da na sitaf saje, ba tare da ka sake zama a aji ba. Mai ND, HND ko NCE ma ya gwada, hukumar ce za ta faɗi adadin da ya samu, kuma ko kiredit 40 ne, maki 80 ne.

Wahalar ba a Amurka take ba, a gida take. Hukumar tana son sakamakon ya fito kai tsaye daga makarantar, kuma duk wanda ya taɓa neman takardar sakamako daga nesa ya san yadda fayil ke kwana a kan tebur. Ka wakilta ɗan'uwa mai haƙuri da zai riƙa zuwa ofishin da ƙafarsa, ka fara tun kana sabon zuwa bariki, kar ka bari sai kwamiti ya gabato. Ka kuma tabbata sunan da ke takardar ya dace da na fayil ɗinka na soja. Muhammadu a nan, Mohammed a can, sunan uba a gaba a wata takardar, a baya a wata, irin wannan kan tsayar da aiki makonni. Abu ɗaya da za ka sani: idan aka amince kana da digiri, rundunar ba za ta biya maka wani digirin farko ba, sai dai na biyu.

Sai harshe. Akwai jarrabawar ƙwarewar harsuna ta ma'aikatar tsaro, DLPT, kuma Hausa na cikin harsunan da ake gwadawa, haka Faransanci da Larabci. Wanda ya kai mataki na 1/1 a sauraro da karatu, wanda shi ne kusan mafi ƙasa, yana samun maki 25 a gidan karatun farar hula. Kyauta ce, a cibiyar ilimi ake yin rajista. Maki 25 ya fi darasi huɗu na kwaleji, ya yi daidai da awa 125 a gaban kwamfuta, a kan harshen da ka tashi da shi. Shekara ɗaya makin ke aiki, sai ka sake zama. Gargaɗi ɗaya: amsoshin da Turanci ake bayarwa, kuma ana kawo rubutu irin na jarida da rahoton rediyo. Wanda Hausarsa ta tsaya a hira da 'yan gida ya ɗan koma sauraron labarai da karanta su kafin ranar.

Jarrabawar CLEP ma hanya ce mai kyau. Zama ɗaya na kusan minti 90 a kan darasi guda, in ka sami 50 ana ba ka kiredit, galibi uku. Zaman farko na kowace jarrabawa ma'aikatar tsaro ke biya wa soja. In ka faɗi, sai ka jira wata uku ka biya da kanka, kusan dala ɗari. Ɗan Nijar da ya yi makaranta da Faransanci ya nufi CLEP ta Faransanci kai tsaye: kiredit shida a matakin farko, tara a na biyu, wato maki 12 ko 18. Wanda lissafinsa na sakandare bai gushe ba ya gwada ta aljebra.

Na ƙarshe, takardun shaidar sana'a, irin su Security+ ta CompTIA ga masu aikin kwamfuta. Iyakarsu maki 50, kuma wadda ta shafi fanninka ta fi wadda ba ta shafe shi ba maki. Rundunar na taimakawa da kuɗin, har dala 2,000 a shekara. Suna da wa'adi, Security+ shekara uku ce, amma a kasuwar aiki ta waje suna da daraja sosai.

Ga su a jere

| Hanya | Maki | Kuɗinka | Ɗorewa | A hannun wa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Harbi | har 160 (saje) ko 110 (sitaf saje) | babu | shekara 2 | runduna ke sa rana | sabon sakamako ya fi na da muni |
| Gwajin jiki | har 120 | babu | shekara 1 | kai | rauni, takunkumi in ka faɗi |
| BLC ko ALC | 150, da ƙarin 20 ko 40 | babu | yana zama | kwamanda | rashin gurbi |
| Kwas na aji | 4 a mako | babu | yana zama | kwamanda | a cire ka daga jeri |
| Kwas na kwamfuta | 1 a awa 5, har 90 | babu | yana zama, ba amfani a waje | kai | hukuncin maguɗi |
| Kwaleji | 2 a kiredit | littattafai | har bayan aiki | kai | mayar da kuɗi, makarantar banza |
| Takardun gida | 2 a kiredit | dala 200 zuwa 300 | har bayan aiki | makarantarka ta da | jinkiri |
| DLPT | 25 | babu | shekara 1 | kai | mantawa da sabuntawa |
| CLEP | galibi 6 | zaman farko kyauta | yana zama | kai | ba kowace kwaleji ke karɓa ba |

Haɗari ɗaya ya hau kansu duka: dokar tana sauyawa. Tsakanin 2023 da 2025 kaɗai an taɓa makin bajoji, sharaɗin BLC, kuɗin makaranta da gwajin jiki. Kafin ka gina shirin shekara a kan wani adadi, ka duba sabon bugun dokar ko ka tambayi ofishin ma'aikata na bataliyarku, S-1. Kuma duk takardar da ka samu, ka kai musu da hannunka, ka koma bayan kwana biyu ka ga ta hau fayil. Makin da bai shiga ba kafin a rufe lissafin wata, sai wani watan.

Wa ya kamata ya bi wace

Idan saura maki 50 ko ƙasa da haka ka tsallake, bar maganar kwaleji tukuna. Ka koma filin harbi, ka yi DLPT, ka cike ragowar da kwas ɗin kwamfuta. Wata biyu zuwa uku sun isa.

Idan ka zo da digiri ko difloma daga gida, aikinka na farko takarda ne, ba karatu ba. Da zarar an tantance, ka juya gaba ɗaya zuwa ɓangaren soja: BLC, bajon ƙwarewa, kwas na aji, domin in gidan karatun farar hula ya cika, ƙarin kiredit ba zai ƙara maka ko maki ɗaya ba. Digiri na biyu ka yi shi don gaba, kuma in kana da takardar ɗan ƙasa ka tambayi sharuɗɗan OCS.

Idan da takardar sakandare kawai ka shigo kuma kwantiragi ɗaya ka yi niyya, kwaleji da takardar shaidar sana'a ne naka. Ka fara da CLEP da JST don ka rage hanya, ka riƙa ɗaukar darasi ɗaya ko biyu a zango. Ko igiyar ba ta zo kafin ka fita ba, kiredit ɗin na nan.

Idan shekara ashirin ka nufa, duka biyun za ka yi, sai dai a jere: jiki da harbi kullum, BLC da zarar gurbi ya samu, kwaleji a hankali ba yankewa, da nufin diflomar shekara biyu ta kammala kana saje domin 20 ɗin nan ta faɗo a lissafin sitaf saje.

Idan kuma fanninku ya daɗe a 798, to matsalar ba makinka ba ce. Ka zauna da mai ba da shawara kan sabunta kwantiragi, ka tambaye shi fannonin da ke neman mutane da kuma makin jarrabawar shiga soja ta ASVAB da suke buƙata. Cibiyar ilimi na da ajin ɗaga wannan maki kyauta, kuma wasu fannonin sai mai takardar ɗan ƙasa, don haka in ba ka shigar da takardun ba tukuna, ka fara da su.